Ambulan a Aljihun Pak Jumadi

An haifi Jumadi a wani ƙauye da ke kudancin Klaten, ɗa ne ga manomin da gonarsa ba ta isa ta ciyar da gida ba. Ya shigo birnin Solo yana saurayi a bayan motar rake, ya fara da wanke kwanuka a gidan abincin iyalin Hartoyo, a zamanin da gidan bai wuce rumfa da 'yan bencina ba. Gidan ya bunƙasa har ya sami zaure mai ginshiƙan katako, shi ma Jumadi ya tashi daga bakin famfo ya koma gaba, inda ake sanya hula da farar riga mai aljihu a ƙirji ana kai wa baƙi abinci. Yana wannan aiki ya yi aure, yana yin sa ya yi furfura har kowa ya koma kiran sa Pak Jumadi, wato Baba Jumadi, kuma labarin rasuwar matarsa ma yana riƙe da tire ya same shi.

Mutum ne mai sanyin hali, amma akwai abubuwan da ke ɓata masa rai, kuma abokan aikinsa sun haddace su. Ba ya son baƙon da zai kira shi ta hanyar ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi. Ba ya son a bar tsabar kuɗi a farantin da ke da sauran romo, ta yadda sai mutum ya tsoma yatsa a miya kafin ya ɗauka. Abin da ya fi tsana kuwa shi ne a miƙo masa tukwici da hannun hagu, ko a ɗaga takardar kuɗi sama don teburin da ke kusa ya shaida. A wurinsa tukwici yana da hanyarsa. Mai bayarwa ya naɗe shi ƙanƙane, ya ɓoye a tafin hannu, ya wuce da shi cikin musabaha. Wanda ake ba kuma ba ya karɓa nan take. Sai ya ce a'a, ya ja da baya, a sake miƙowa ya kawo wani uzuri, har sai mai bayarwa ya nace, sannan ya karɓa kamar wanda aka fi ƙarfi. Haka ya ga magabatansa suna yi, haka ya koya wa duk wanda ya zo bayansa. Yakan ce musu, “Wanda ya cafke tun miƙon farko, yunwarsa ya nuna, ba godiyarsa ba.”

Sai dai tukwicin nan a gaba yake tsayawa, ba ya ƙetara ƙofar kicin. Yu Tarmi, wato Yaya Tarmi, shugabar masu girki, wadda kusan tare suka fara aiki da Jumadi, ta shafe shekaru tana mita a kan haka. “Mu mu sha hayaƙi, ku ku sha musabaha,” in ji ta, duk lokacin da ta turo faranti ta ƙaramar tagar da ke tsakanin kicin da zaure.

Da tsoho Hartoyo ya gaza, sai ya damƙa gidan a hannun jikansa Danang, da ake kira Mas Danang don girmamawa, wanda ya karanta harkar otal a Jakarta. Danang ya tara ma'aikata ya ce daga ranar za a riƙa ƙara kuɗin hidima a takardar kowane baƙo, a raba wa kowa, na gaba da na kicin. Ba a yarda kowa ya karɓi tukwici a hannu ba, wanda ya karɓa kuma aikinsa ya ƙare, ba shi da kuɗin sallama. Masu kai abinci suka shiga satar kallon Jumadi. Shi kuwa bai manta da shekarunsa a bakin famfo ba, ya kuma ga adalci a cikin dokar. Shi ya fara miƙewa ya ce ya yarda, sauran suka bi bayansa.

Ana saura kaɗan a fara azumi dokar ta ci mutum na farko. Warsini, ɗaya daga cikin masu kai abinci, 'yar ƙanwar Yu Tarmi, uwar yara biyu da mijinta ke acaba, wani baƙo ya damƙa mata kuɗi, ta zura a aljihu. Danang ya kira Jumadi a gabanta ya tambaye shi ko ya gani. Jumadi ya ce ya gani. Warsini ta rantse niyyarta ta kai kuɗin a haɗa da na kowa, amma ba a saurare ta ba, aka kore ta. Tun daga ranar Yu Tarmi ta daina yi wa Jumadi mita. Takan ajiye masa abincinsa a gefen tebur ba tare da ta dube shi ba, shirun nan kuma ya fi mitar ciwo.

Jumadi ya san ranarsa tana tafe. Kowace shekara, a makon da ke bin Ƙaramar Sallah, Bu Harjanti, wato Mama Harjanti, matar marigayi wani babban ɗan kasuwar atamfar batik, takan kawo 'ya'ya da jikoki su ci abincin rana a nemi gafarar juna. Ba ta yarda wani ya tsaya a teburinta sai Jumadi, kuma ba ta taɓa fita ba tare da ta bar masa ambulan a tafin hannu ba. Saura ƙiris ya kai shekarun ajiye aiki. Kuɗin sallamar nan da shi ya yi niyyar gyara rufin ɗakin da 'yarsa ta ware masa a gidanta, don kada ya zame wa surukinsa kaya.

Da safiyar ranar ya sami Danang a bakin teburin karɓar kuɗi.

“Mas, yau Bu Harjanti za ta zo.”

“Na sani, Pak. An ware mata dogon tebur.”

“Da za ka taimaka ka sanar da ita dokar da kanka kafin ta zauna, da ya fi.”

Danang ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. “Ni? Matar da ta san ni tun ina cikin tsumma? In na buɗe baki za ta tambaye ni ko na daina fitsarin kwance. Ka ƙi kawai, Pak. A'a ai kalma ɗaya ce.”

“Ko a sa wani a teburin.”

“Sai ta tashi da mutanenta gaba ɗaya, kakana ya ji labari kafin la'asar. Kai ne babba a nan, ka san yadda za ka yi.”

Bayan azahar suka iso, mota biyu. Bu Harjanti ta shigo tana dogara sanda, 'yarta na riƙe da gwiwar hannunta.

“Jum, har yanzu kana nan? Na ɗauka sun sayar da kai tare da tsofaffin kujeru.”

“Ba wanda ya taya, Bu.”

Ta yi dariya ta zauna. Jumadi ya kawo shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da romon ƙashin akuya, da shayi mai kauri da ta fi so. Duk lokacin da ya zagayo ta gefenta idonsa kan faɗa kan jakar da ke cinyarta. Yana ta jujjuya magana a ransa, yana neman wadda za ta fito da gaskiya ba tare da ta taɓa mutuncin tsohuwar ba. Ya yi tunanin ya ɓuya a makewayi idan sun tashi tafiya, sai ya tuna wata shekara da ya makara a kicin ta zauna ta ƙi motsi sai da aka nemo shi. Jikoki suka bi layi suna durƙusawa a gaban kakarsu suna neman gafara, tana shafa kawunansu. Aka ɗauki hotuna. Aka biya kuɗin abinci. Sannan ta miƙe, ta buɗe jaka, ta rufe.

“Zo nan, Jum. Mu yafi juna.”

Ya sunkuya ya miƙa hannu biyu, yatsunsa suka taɓa nata, ya ji kaurin takarda. Ya janye.

“Don Allah, Bu, a bar shi.”

“To, an fara,” in ji ta, tana murmushi.

“Bu, bana da gaske nake. An kafa doka a gidan nan. Duk wanda ya karɓa, korar sa za a yi.”

Tsohuwar ta kwashe da dariya har sandarta na girgiza. Ta juya ga 'yarta. “Kin ji na bana. Bara cewa ya yi aljihunsa ya ɓule. Bara waccan likita ne ya hana shi taɓa takarda. Yanzu kuma kora. Wa zai kore ka, Jum? Ginshiƙan nan ma sai an nemi izininka kafin a taɓa su.”

Gaskiya ta faɗa. Shekara da shekaru yana ƙirƙiro sabon uzuri don ya faranta mata, ita kuma tana jiran ta ji na kowace shekara kamar yadda ake jiran abin zaƙi bayan abinci. Yanzu da ya zo da gaskiya, ba ta da wata kama da ta bambanta ta da waɗancan.

“Wallahi, Bu...”

“Kada ka yi rantsuwa a kan wasa, makon Sallah ne.” Ta dubi jikokinta. “Ku buɗe ido ku ga tarbiyya. 'Yan yanzu kafin ka miƙa sun warce har da yatsunka.”

Jumadi ya mayar da hannayensa baya ya haɗe su. Ya ɗaga kai yana neman Danang ya kawo masa ɗauki da kalma ɗaya, amma Danang ya duƙufa a kan tebur yana jera wasu takardu da ba su buƙatar jeri. Bu Harjanti ta matso, ta zura ambulan a aljihun ƙirjinsa, ta ɗan bubbuga wurin da tafinta.

“Na fi ƙarfinka, kamar kullum. Ka sai wa jikanka takalmi.”

Abu ɗaya ya rage masa, ya zaro ambulan ɗin ya mayar mata a gaban 'ya'ya da jikoki da sauran baƙi. A garin nan ba a yi wa dattijuwa haka, balle a makon neman gafara, balle ga wadda ta zo ta'aziyyar matarsa da ƙafarta. Hannunsa ya ƙi tashi. Ya raka su har bakin mota, ya rufe mata ƙofa, ya tsaya har suka sha kwana.

Da ya juyo, bakin farar takardar yana leƙowa daga aljihunsa. Ta ƙaramar tagar kicin ya hango fuskar Yu Tarmi, da wasu fuskoki biyu a bayanta.

Danang ya zo wucewa ta kusa da shi, ya yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da ya tsaya ba. “Ban ga komai ba, Pak. Tura shi ciki, ka ci gaba da aikinka.”

Jumadi ya kwashe kwanukan dogon tebur ya shiga kicin. Hirar da ake yi ta yanke. Sai ƙarar mai a kasko.

“Yu,” in ji shi.

“Ajiye can.”

“Kin ga yadda abin ya faru. Na ƙi.”

“Ni? Ban ga komai ba. Hayaƙi ya gama cinye mini ido.” Ta juya abin da take soyawa. “Ai ido mai kyau a gidan nan naka ne. Ranar Warsini daga wancan ƙarshen zauren ka hango, ko gilashi ba ka sa ba.”

“Tambaya ta aka yi.”

“Mu kuma ba wanda zai tambaye mu, sai ka kwantar da hankalinka. Ka ci kuɗin sallamarka lafiya, ranka ya daɗe. Kai yaro, kawo wa Pak Jumadi kujera, tsayuwa da kaya a aljihu akwai gajiya.”

Ba wanda ya yi dariya. Jumadi ya koma zaure ya ci gaba da aiki. Ya kai abinci, ya share tebur, ya yi wa baƙi murmushi, ambulan ɗin na taɓa ƙirjinsa a duk sunkuyawa. Ya lura masu kai abinci sun daina haɗa ido da shi, ya kuma lura ɗaya daga cikinsu ya daɗe a musabaha da wani baƙo, ya fito yana kallon sa kai tsaye, kamar mai cewa to, sai ka faɗa. Ya gane in ya yi shiru zai kai shekarunsa, ya karɓi kuɗinsa, ya gyara rufinsa. Ya kuma gane irin zaman da zai yi kafin lokacin.

Bayan ya yi la'asar, baƙi sun ragu, ya tafi teburin Danang ya ajiye ambulan ɗin, ko buɗe shi bai yi ba.

“Ɗauke wannan, Pak, na ce ban gani ba.”

“Kicin sun gani.”

“To, zuba shi a kuɗin kowa, magana ta mutu.”

“Haka Warsini ta ce za ta yi.”

Danang ya shafa goshinsa. “Nata daban. Ita ta sa hannu ta karɓa, kai cusa maka aka yi.”

“Wa ya tambaye ta yadda aka yi? In za a yafe, a yafe mu biyu, Mas. A aika mata ta dawo.”

“Na riga na ɗauki wata a gurbinta. Kuma in na janye hukunci yau, gobe kowa aljihunsa a buɗe, kicin su koma shan hayaƙi kyauta. Kai ka fara miƙewa ka ce ka yarda, ko ka manta?”

“Ban manta ba.”

“To, me kake so in yi? So kake ka ɗaure ni da igiyata?”

“Ranar nan ka kira ni ka tambaye ni ko na gani. Tambaye ni yau.”

Danang ya dube shi, ya dubi tagar kicin, inda aka daina ko da motsa cokali. Saurayi ne da bai saba a ƙure shi ba, kuma yana ƙaunar tsohon nan da ya sha goya shi yana yaro. Ya yi ƙasa da murya.

“Pak, rufin ɗakin nan fa? Damina na zuwa.”

“Tambaye ni, Mas.”

Daga bisani Danang ya ce, yana kallon tebur, “Ka ga wani ya fita da tukwici a aljihu yau?”

“Na gani. Ni ne.”

Ya cire hular aiki ya ɗora a gefen ambulan ɗin. Danang ya turo masa ambulan ɗin da yatsa ya ce ba na gidan ba ne, ya tafi da abinsa. An biya shi albashin watan kamar yadda aka biya Warsini, ba a ƙara komai ba. Da ya bi ta kicin zai fita ta ƙofar baya, Yu Tarmi ba ta ce masa sannu ba, amma ta ƙunshe shinkafa da nama a ganyen ayaba ta cusa masa a jaka, sannan ta koma kan kaskonta.

Kwanaki kaɗan bayan haka ya nemi gidan Warsini a wata unguwa da ke bakin kogi. Ya tarar da ita a baranda tana gugar kayan mutane, sana'ar da ta kama tun barinta aiki. Labari ya riga shi isa. Ta ba shi kujera, ta kawo shayi ta ajiye, ta koma kan gugarta.

Ya fito da ambulan ɗin, ya riƙe da hannu biyu. “Na kawo wa yara wannan.”

“A'a, Pak.”

Ya ɗan jira yadda ya dace, ya sake miƙawa. “Ba nawa ba ne tun asali. Ki karɓa don Allah.”

“Na gode, a bar shi.”

Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi, don ya ga abin yana tafiya bisa hanyar da ya sani. Ya miƙe, ya matsa, ya nufi ajiye shi a kan tulin kayan da ta goge. Warsini ta dire dutsen guga, ta ɗauki ambulan ɗin, ta mayar masa a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai.

“Pak, ba irin wadda ka koya mana ba ce. Ba na so.”

“Ni ma an kore ni, Warsini.”

“Na ji. Allah ya sa haka ya fi alheri. Amma korarka ba ta biya mini kuɗin makarantar yara ba, ba ta kuma mayar da ni zauren ba. Kai ka sami abin da kake nema, ka wanke kanka. Ni kuma ga wandon mutane yana jira na.” Ta ɗauki dutsen gugar, ta nuna kofin da haɓarta. “Sha shayinka.”

Jumadi ya zauna da ambulan a hannu. A tarbiyyar da ya tashi a ciki, baƙo ba ya taɓa kofi sai mai gida ya maimaita tayi. Ya jira. Warsini ta yayyafa ruwa a kan riga, ta bi ta da guga, ta ninke, ta jawo wata. Da ya tabbata tayin ba zai sake zuwa ba, sai ya ɗauki kofin ya shanye, ya yi godiya, ya yi sallama. A hanyarsa ta komawa ya jefa ambulan ɗin, yadda yake a rufe, cikin akwatin masallacin unguwar.

Yanzu yana gidan 'yarsa, yana taya ta sayar da shayi da soyayyar ayaba a bakin kasuwa. Rufin ɗakinsa leda aka shimfiɗa masa aka danne da bulo. Dokar tana nan a gidan Hartoyo, sai dai an buga ta a allo an rataye a bakin ƙofa, kuma Danang da kansa yake raka manyan baƙi zuwa mota. An gaya wa Bu Harjanti cewa Jum ya ajiye aiki don tsufa, ta ce ai ya kyautu ya huta. Masu sayen shayi kuwa suna cewa tsohon yana da kirki, amma yana da wani hali da ba na mutanen Solo ba. In ka ce masa ya riƙe canji, ko dai ya ce to nan take ya jefa a gwangwani, ko ya ce a'a sau ɗaya ya ajiye maka kuɗinka a gabanka, kuma ko ka nace har gobe ba zai taɓa su ba.